Tambaya da Amsa: Kwana a Otal ɗin Filin Jirgi Lokacin Tafiyar Kasuwanci

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga batun masauki a tafiyar kasuwanci da ta aiki, musamman otal-otal ɗin da ke cikin filayen jiragen sama ko kusa da su. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke Kano. Zan je Legas, inda nake da ganawa da wakilin da ke fito mini da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, da wata ganawar a wani banki da ke Victoria Island, washegari kuma jirgina zai tashi zuwa Kano da ƙarfe bakwai na safe. Ɗana ya ce in kama ɗaki a Ikeja kusa da filin jirgi, abokina kuwa ya ce in sauka kusa da inda zan yi ganawar. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A wannan tafiya shawarar ɗanka ta fi dacewa, amma yana da kyau ka san dalili, domin a wata tafiyar shawarar abokinka ce za ta yi aiki. Abin da mutum yake saye idan ya kama ɗaki a gefen filin jirgi shi ne lokaci, wato tabbacin cewa zai isa ƙofar jirgi kafin a rufe ta, saboda haka lissafin da za ka yi shi ne sau nawa za ka ratsa gari, kuma da wane lokaci.

Filin jirgin Murtala Muhammad yana Ikeja ne, bankin da kake nufi kuwa yana can tsibiri, wato Victoria Island, kuma hanyar da aka fi bi tsakaninsu ita ce gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Da safe cunkoso yana fuskantar tsibiri ne, saboda ma'aikata na tafiya ofis, da yamma kuma ya juyo zuwa ɓangaren Ikeja. Apapa ba a tsibiri take ba, amma titin da ya haɗa ta da Oshodi na tankoki ne da tireloli, kuma ba a yi masa alkawarin lokaci. Tun da kwana ɗaya za ka yi, ka sauka da jirgin safe, ka wuce kai tsaye wajen ganawarka, ka yi ƙoƙarin baro tsibiri kafin La'asar, ka kwana a Ikeja hankali kwance. Da a ce ganawar ta kwana uku ce, da na ce ka kwana biyu kusa da wurin aikin, sai a daren ƙarshe ka koma Ikeja, domin wanda ya zauna a gefen filin jirgi alhali aikinsa yana tsibiri zai ƙarar da ƙarfinsa a cikin mota safe da yamma.

Akwai kuma abin da ya kamata ka tantance kafin ka biya kuɗi. Kalmar filin jirgi a jikin sunan otal ba ta nufin cewa za ka fito daga ɗaki ka taka da ƙafa zuwa wurin tashi. Lagos Airport Hotel, alal misali, tsohon otal ne da ya samo asali tun 1942, yana kan titin Obafemi Awolowo a cikin garin Ikeja, kuma sai da mota ake zuwa filin jirgi daga can. Shi kansa filin jirgin ba gini ɗaya ba ne, domin ɓangaren jiragen ƙasashen waje daban yake da na cikin gida, na cikin gidan ma ya kasu biyu, akwai wanda ake kira MMA2 da aka buɗe a 2007, akwai kuma tsohon ginin da ake kira GAT. Ka duba tikitinka ka san daga wanne jirginka zai tashi, sannan ka tambayi otal ɗin ko motarsu tana zuwa can, ko kyauta ce, da kuma ƙarfe nawa take fara fita. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Na taɓa kwana a wani otal da ya rubuta cewa yana kai baƙi filin jirgi kyauta, sai da na sauko da kayana bayan sallar Asuba aka gaya mini cewa direban ba ya fara aiki sai ƙarfe bakwai, ala tilas na fita bakin titi neman tasi a cikin duhu. Idan kuma tafiyar ta faɗo a watan Disamba ko Janairu, ka tuna cewa hazo yakan jinkirta jiragen da ke zuwa Kano, wani lokaci ma a soke su, saboda haka ka tambaya tun a daren ko za su bar maka ɗakin ya wuce sha biyun rana, da abin da za ka ƙara idan an yi hakan.

Tambaya: Ni mace ce mai sayar da kayan ɗaki da na kicin a Maraɗi. Zan tashi daga Yamai zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin domin baje kolin Canton, kuma tikitina ya nuna zan yada zango na awa goma sha huɗu a Istanbul. An ce mini akwai otal a filin jirgin. Shin zan iya kwana a can ba tare da bizar Turkiyya ba?

Amsa: Hajiya, za ki iya, muddin kin kama ɗaki a ɓangaren da ya dace, kuma a nan ne matafiya da yawa suke yin asara. Kowane babban filin jirgi yana da ɓangare biyu. Akwai na ciki, inda fasinjan da ya sauka daga wani jirgi yake jiran wani ba tare da jami'an shige da fice sun buga masa hatimi ba, wanda a doka bai shiga ƙasar ba tukuna. Akwai kuma na waje, wanda ba a kai wa gare shi sai an ƙetare teburin jami'an, kuma ƙetarewar tana buƙatar biza. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka mayar da jiragen fasinja cikinsa a watan Afrilun 2019, yana da otal mai suna YOTEL da ke da ɗakuna a ɓangarorin biyu. Sunan kusan ɗaya ne, ginin ɗaya ne, amma wadda ba ta da biza idan ta biya kuɗin ɗakin waje ba za ta iya isa gare shi ba. Saboda haka ki gaya wa wanda ke yankar miki tikiti a fili cewa ɗakin da ke cikin wurin masu yada zango kike so, kuma ki ga an rubuta hakan a takardar.

Irin waɗannan ɗakuna na ciki ƙanana ne, galibi ana biyan su gwargwadon awannin da mutum zai yi, kuma akan nemi ganin takardar shiga jirgi na gaba kafin a ba da makulli. Babban akwatinki ba za ki gan shi ba sai a Guangzhou, don haka abin sallah, da magungunanki, da cajar waya, da kaya ɗaya na canji, duk su kasance a jakar hannu. Wannan yana aiki ne idan tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar biyu. Idan kuwa an yanka miki tikiti biyu daban-daban domin neman sauƙin kuɗi, to mai yiwuwa sai kin fita kin karɓi akwatin kin sake auna shi, fitar kuwa ba ta yiwuwa sai da biza, kuma a nan arahar takan koma tsada.

Kamfanin Turkish Airlines yana ba wasu fasinjoji masu dogon zango masauki kyauta bisa sharuɗɗa, amma masaukin yana wajen filin jirgi ne, don haka batun biza ya sake dawowa. Masu bi ta Addis Ababa ta ƙasar Habasha, kamar 'yan kasuwar Kano da yawa, sun fi samun sauƙi a wannan fanni, domin Ethiopian Airlines yakan shirya wa wanda zangonsa ya kama tsakanin awa 8 zuwa 24 otal da mota da izinin fita na ɗan lokaci, idan babu jirgin da ya fi kusa da zai iya hawa, kuma kamfanin yana da otal nasa mai suna Skylight da aka buɗe a 2019. A Doha akwai Oryx a cikin wurin masu yada zango, a Dubai akwai Dubai International Hotel, shi ma a ciki, alhali Le Méridien na filin jirgin Alƙahira, duk da gadar da ta haɗa shi da ginin tashi na uku, a waje yake. Ga masu karatu 'yan Najeriya da Gana kuma, ƙasashen Turai na yankin Schengen suna neman biza ta musamman ko da mutum ba zai fita daga ɓangaren ciki ba, sai fa idan yana riƙe da wasu bizoji, kamar ta Amurka ko Kanada.

Ki kula da agogo. Istanbul tana gaban Yamai da awa biyu, Guangzhou kuwa da awa bakwai, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da jirgin zai tashi ne. Wanda ya kwanta da agogon gida a hannunsa zai iya farkawa jirgi ya tafi. A Habasha ma akwai ƙarin abin lura, domin mutanen ƙasar suna fara ƙidayar awannin yini daga wayewar gari ne, ta yadda ƙarfe ɗayansu shi ne ƙarfe bakwai na safe, saboda haka idan ma'aikacin otal ya faɗi lokacin zuwan mota, a tambaye shi da wane lissafi yake magana. Idan kin isa Guangzhou kuwa, kada ki zauna a otal ɗin filin jirgin Baiyun tsawon kwanakin bajen kolin. Ana yin bajen ne a unguwar Pazhou, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba, kuma wurin yana da nisa daga filin jirgi. Ki nemi masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, ki kama shi tun da wuri domin farashi yana hawa sosai a makonnin, ki bar na filin jirgi sai daren komawa idan jirgin na sassafe ne.

Tambaya: Ni ce sakatariyar wata ƙungiya mai zaman kanta. An umarce ni da in shirya taron yini ɗaya a Abuja ga jami'anmu goma sha biyu da za su zo daga Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yola da Legas. Shugabanmu yana ganin a yi shi kusa da filin jirgi domin kowa ya zo da safe ya koma da yamma. Me ya kamata in duba?

Amsa: Malama, tunanin shugabanki shi ne ainihin dalilin da ya sa manyan otal-otal na filayen jirgi suka cika da ɗakunan taro. A Frankfurt ta Jamus, otal ɗin Sheraton yana haɗe da ginin tashi na ɗaya, na Hilton kuma yana saman tashar jirgin ƙasa ta filin, ta yadda mutane sukan taso daga birane daban-daban, su yi taron awa biyar, su koma gida ba tare da sun ga cikin gari ba. A Accra ma unguwar Airport City ta ginu ne a kan irin wannan hidima. Amma tsarin yana tafiya ne inda jirage suke da yawa kuma suke kiyaye lokaci. Tsakanin Legas da Abuja jirage suna tashi tun safe har dare, amma zuwa Sakkwato ko Yola ko Maiduguri ba su da yawa a yini, kuma sau da yawa jirgin da zai kawo mutum Abuja daga can sai ya fara zuwa daga Abuja tukuna, wanda ke nufin jami'in ba zai iso da sassafe ba. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki ɗauko jadawalin jirage na ranar, ki ga lokacin da na ƙarshe zai sauka da lokacin da na farko zai tashi, abin da ya rage a tsakani, bayan kin cire lokacin tantance fasinjoji, shi ne tsawon taronku. A ganina za ki tarar cewa ya fi aminci su iso ana gobe taro, su kwana, a fara da ƙarfe tara, a tashi bayan Azahar.

Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, kuma mafi yawan manyan otal-otal suna Maitama, Wuse da tsakiyar gari, alhali na kan hanyar filin jirgi, wajen Lugbe, matsakaita ne. Ga mutum goma sha biyu wannan ba matsala ba ce, domin teburi ɗaya kuke buƙata, ba babban zaure ba. Amma ki je da kanki ki ga ɗakin taron kafin ki biya kafin alƙalami, gani ya kori ji. Ki sa a kunna majigi da lasifika a gabanki, ki gwada intanet ɗin da wayarki a cikin ɗakin, ki tambaya minti nawa janareto yake ɗauka kafin ya tashi idan an ɗauke wuta, kuma ko yana iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ki ga wurin alwala da wurin sallah na maza da na mata, idan kuma ranar Juma'a ce ki san masallaci mafi kusa.

Game da kuɗi, ki nemi a rubuta miki farashi a kan kowane mutum, tare da bayanin abin da ya ƙunsa, wato ɗakin taro, shayin safe, abincin rana, ruwa da kayan rubutu. Ki tambaya ko an riga an sa haraji a ciki, domin harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2020, da kuɗin hidima da otal-otal da yawa suke sawa kashi 10, sukan bayyana ne a rasit na ƙarshe, a lokacin da akawunku ya riga ya rufe lissafi. Ki kuma sanar da otal a rubuce cewa ƙungiya ba za ta biya wankin kaya, ko abin da aka ci daga firjin ɗaki ba. Wani abu da nake ganin ana sakaci da shi shi ne tattauna sirrin aiki a zauren karɓar baƙi, inda kowa ke zaune yana jiran mota, ko kuma gayyatar abokin hulɗa zuwa ɗakin kwana domin a ƙarasa magana. Na farkon yana fallasa sirri, na biyun kuma bai dace da mutunci ba, musamman tsakanin namiji da mace, kuma galibin otal-otal suna ba da hayar ƙaramin ɗakin ganawa na awa ɗaya ko biyu.

Tambaya: Malam, ina yawan tafiya Dubai da Sin sayen kayan waya, kuma ina samun ruɗani game da sallah da abinci a waɗannan otal-otal.

Amsa: Ɗan'uwa, ruɗanin farko yana fitowa ne daga harshenmu, domin a ƙasar Hausa mun saba cewa an fuskanci gabas idan ana nufin alƙibla, har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya. A Dubai alƙibla tana yamma ne, a Guangzhou ma yamma ce da ɗan karkata arewa, a Addis Ababa arewa ce, a Istanbul kuma kudu maso gabas. Otal-otal na ƙasashen Larabawa sukan manna kibiya a rufin ɗaki ko cikin aljihun teburi, a sauran wurare kuwa manhajar alƙibla ta waya tana isa, sai dai a matsa kusa da taga domin ƙarafan gini sukan ruɗa ta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matafiyi yana yin ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba, saboda haka mai kwana ɗaya a gefen filin jirgi matafiyi ne. Lokutan sallah kuwa na garin da kake ciki ne, kuma filayen jirgi na Dubai, Doha da Istanbul duk suna da masallatai a ɓangaren masu jiran jirgi.

Abinci ba matsala ba ne a Dubai ko Istanbul. A Sin ne ake buƙatar lura, inda naman alade da kitsensa suke shiga girki da yawa, amma Guangzhou tana da gidajen abinci na Musulmin ƙasar, musamman a unguwar Xiaobei da 'yan kasuwar Afirka suka sani. A otal, ƙwai, burodi, kifi da 'ya'yan itatuwa na karin kumallo sun wadatar. Idan akwai giya a firjin ɗaki, za ka iya neman a kwashe ta, kuma buƙata ce da suka saba ji.

Tambaya: Na biya kuɗin ɗaki tun kafin in tafi, amma da na isa otal sai suka sake karɓar katina, na ga an riƙe wasu kuɗi, kuma har na dawo gida ba a sake su ba. Shin an cuce ni ne?

Amsa: Malam, galibi ba cuta ba ce, jingina ce da otal yake riƙewa saboda abin da baƙo zai iya ci ko ɓatawa, kuma idan bai taɓa komai ba ana sakin ta bayan ya miƙa makulli. Jinkirin yakan zo ne daga tsakanin bankuna, kuma a katin da ke cirar kuɗi kai tsaye daga asusu yana iya ɗaukar kwanaki da dama, wani lokaci makonni. Ka rubuta wa otal ɗin ka nemi takardar shaidar cewa sun saki kuɗin, mai ɗauke da kwanan wata da adadi, ka kai wa bankinka tare da rasit ɗin fita. A tafiya ta gaba ka tambaya ko za su karɓi jinginar da tsabar kuɗi, su ba ka rasit, su mayar maka a hannu ranar tafiya, sai dai ka sauko da wuri domin ƙidayar takan ɗauki lokaci idan layi ya yi tsawo. Idan kuma tsabar kuɗin da kake ɗauke da su sun haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, doka ta wajabta ka bayyana su ga jami'an kwastan na Najeriya lokacin fita da lokacin shigowa.